Kamus: Ƙashin tantani

Ƙashin tantani (suna, namiji). Saƙar zaruruwan furotin da ke cikin tantanin halitta, wadda ke ba shi siffa da ƙarfi da ikon motsi, kamar yadda azara ke riƙe rufin soro. Malaman ilmin halitta sun kasa shi gida uku: aktin, mai kaurin nanomita 7; zaruruwan tsakiya, masu nanomita 10, waɗanda keratin ke cikinsu; da ƙananan bututu, masu nanomita 25.

A tantanin shimfiɗa, wato mai lulluɓe fata da hanji da bututun nono, keratin ne alamar asali. Amma idan sankara ta yi tsanani, sau da yawa sai tantanin ya rage keratin, ya yawaita bimentin, wani daga cikin zaruruwan tsakiya, ya saki maƙwabtansa, har ya sami damar kutsawa cikin jini ya bazu zuwa hanta ko huhu. Saboda haka likitocin binciken tsoka sukan rina samfurin ƙari don neman keratin 7 da 20, su gane mafarin illar.

A jihar Karolina ta Arewa, a cibiyar Research Triangle Institute, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana tsarin maganin Taxol a 1971, wanda ke daskarar da ƙananan bututun nan, ya hana tantanin rabuwa. Har yau ana amfani da shi wajen sankarar nono da ta huhu.