Kokowar gargajiya a Damagaram da Nijar: tarihinta da yadda ake koyonta

Kokowa, wadda Hausawan Nijeriya suka fi kira kokawa, wasa ne na gwada ƙarfi da dabara tsakanin mutum biyu, babu duka babu makami, kowa na neman kai ɗan'uwansa ƙasa. A Jamhuriyar Nijar babu wasan da ya kai ta tara jama'a, kuma tun 1975 tana da gasar ƙasa wadda gwamnati ke ɗaukar nauyinta. Sai dai ƴan kokowar da ake gani a manyan filaye galibi daga garuruwan manoma suke fitowa, garuruwa irin Ɗan Barto da ke kudu da Matamaye a jahar Damagaram, dab da iyaka, kan hanyar da ta bi ta Kwangwalam zuwa Daura da Kano. Tarihin wasan ya rabu gida biyu: dogon zamanin da kokowa ta yi a hannun ƙauye, da shekarun da ta yi a hannun hukuma. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, hukuma ta ba kokowa fili da takobi da suna, amma koyonta da adana tarihinta har yanzu suna kan wuyan ƙauye da bakin makaɗa, kuma a nan ne rauninta yake.

A ƙasar Hausa kokowa wasan kaka ne. Sai an yanke gero, an ɗaure damma, an kai rumbu, ciki ya cika kuma hankali ya kwanta, sannan ganga ke tashi a dandali. Samarin gari ɗaya su gayyato na maƙwabta, a yi da'ira a kan rairayi, da la'asar ko cikin farin wata. Ɗan kokowa ya fito da walkinsa, layu da guraye a damtse da ƙugu, ya zagaya fili yana kirari, ya je gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu. In wancan ya amsa, sai a sunkuya, kowa ya ja ƙugunsa baya don kada a samu ƙafarsa, ana laluben wuya da hannu har wani ya samu kamu. Yaron da ke kallo a gefe da ma ya fara koyo tun a wajen kiwo, inda yake kama sa'o'insa a cikin yashi; yayansa ko wani tsohon gwani ya nuna masa yadda ake taɗiya, yadda ake harɗe ƙafa, yadda mutum ke sakin jiki ya bar nauyin abokin karo ya kayar da mai shi. Noma da ɗaukar dami da jan guga su ne motsa jikinsa. Wanda ya gagara a garinsu sai ya ɗauki makaɗinsa ya shiga bin kasuwanni da bukukuwa yana neman wanda zai raba masa gardama. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ba ta tsayar da wannan zirga-zirga ba, domin mutanen ƙasar Kance, inda Ɗan Barto yake, da na Daura dangi ne tun kafin zuwan Turawa, kasuwanninsu ɗaya, aurensu ɗaya.

Rubutattun shaidu kan wasannin ƙarfi na wannan yanki sun fara bayyana ne a littattafan matafiya. Dixon Denham ya bayyana kokowar da ya gani a Kukawa ta Barno, inda manyan gari ke fito da bayinsu su kara, shi kuwa abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya kalli damben mahauta a Kano a 1824. Littafin tafiyar tasu ya fito a 1826. Waɗannan baƙi ne da suka kalli abin na ɗan lokaci suka wuce. Masu riƙe da tarihin na ainihi su ne makaɗa da maroƙa, kuma duk wanda ya saurari waƙoƙin Sagalo na ƴan kokowar Nijar, ko na Ɗan Anace na ƴan dambe, ya san irin taskar da ke cikinsu: sunan gwani, sunan garinsu, wanda ya kayar, da inda aka yi karon. Amma waƙa aikinta zuga ne. Tana faɗin cewa wane ya kayar da wane, ba ta tsayawa ta ce da wane kamu, a wace shekara, ko wa ya koya masa. Wanda ya sha kaye kuwa sunansa kan shiga waƙa ne kawai don a ɗaukaka wanda ya kayar da shi.

Babban sauyi ya zo bayan juyin mulkin Afrilun 1974 da ya kawo Seyni Kunce kan mulki, ƙasa na fitowa daga fari da yunwa. Gwamnatin soja ta nemi abin da zai haɗa kan Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Bafillace da Buzu, ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, ta kuma ga cewa kokowa wasa ne da talakan ƙasa ya sani ba tare da an yi masa bayani ba. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Daga baya gasar ta ɗauki sunan takobin da ake miƙa wa wanda ya yi nasara. Tsarinta a yau sananne ne: jahohi 8, wato Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai, kowace ta kawo ƴan kokowa 10, su 80 ke nan, ana zagayawa da gasar daga babban birnin wata jaha zuwa na wata. Wanda ya faɗi ya fita daga neman takobi, har a rage mutum biyu da ba su taɓa ƙasa ba. Gwanayen farko sun samu karramawar da manomi bai saba samu ba: filin kokowa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma sunan Langa-Langa. A zamanin nan Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi karo na 6 a Agadas a ƙarshen 2023.

Akwai masu cewa shigar hukuma ta ɓata wasan, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. An kawo alƙali da usur da agogo, an kewaye fili da buhunan yashi, an rubuta abin da ake kira kaye, kuɗi da siyasa sun shigo, har jaha kan jawo gwanin wata jaha. Amma idan aka auna da adalci, abin da aka bari ya fi abin da aka taɓa yawa. Kiɗa na nan, kirari na nan, layu na nan duk da wa'azin malamai a kansu, ƴan cali-cali na nan suna kwaikwayon gwanaye suna ba jama'a dariya, kuma a gasar takobi ba a raba mutane bisa nauyi, ƙarami na iya karawa da ƙato kamar yadda ake yi a dandali. A gasar ƙasashen Afirka ta Yamma ta CEDEAO ce aka bi tsarin rukunin nauyi. Rediyo da talabijin na ƙasa kuma sun kai karon ƙarshe har ƙauyen da babu wanda ya taɓa zuwa Yamai. Gasar ta tsare martabar kokowa, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ba ta yi ba shi ne gina gidan koyo.

A nan ne tarihin Japan yake da amfani ga mai nazarin kokowa, domin ƙasar ta taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. Bayan sauyin mulkin 1868 da dokar 1876 da ta hana mayaƙan samurai yawo da takobi, tsofaffin makarantun faɗa da hannu, waɗanda ake kira jujutsu, sun rasa masu ɗaukar nauyinsu, ana musu kallon kayan da suka shuɗe. Wani ɗalibi mai ƙaramin jiki, Jigoro Kano, wanda aka haifa a 1860 kuma sunansa ba shi da alaƙa da birnin Kano, ya bi tsofaffin malamai na gidaje biyu, Tenjin Shinyo da Kito, ya koyi abin da ke hannunsu. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗaki na gidan ibadar Eishoji a Tokiyo, fili mai tabarmi 12 kacal, ya kira abin da yake koyarwa judo. Abin lura shi ne irin aikin da ya yi. Ya ware kamun da ke karya mutum daga wanda za a iya gwadawa kullum da cikakken ƙarfi, ya sa sabon ɗalibi ya fara da koyon faɗuwa kafin koyon kayarwa, ya jera dabarun kayarwa da sunayensu a 1895, aka sake jera su 40 a 1920, ya kafa matakan ɗamara. Tsofaffin dabarun gidan Kito kuwa bai yar da su ba, ya adana su a matsayin darasi na musamman da ake maimaitawa kamar yadda ya karɓe su. Kano ya rasu a 1938. A 1964 judo ya shiga wasannin Olamfik a Tokiyo.

Ta hanyar Faransa wasan ya iso Afirka ta Yamma, bayan Mikinosuke Kawaishi ya zauna a Paris a 1935 ya yaɗa shi, kuma Nijar ta tura ƴan judo zuwa Olamfik na Landan a 2012 da na Tokiyo a 2021. Yaron da ya shiga ajin judo a Yamai zai ji sunan kowane kamu da harshen Japan, zai ji sunan wanda ya kafa wasan da shekarar kafa shi, kuma abin da aka koya masa shi ne ake koya wa yaro a Dakar ko Osaka. Sumo ma, kokowar gargajiyar Japan, wadda ta fi judo kama da kokowa tunda ita ma babu rabon nauyi a gasar ƙwararru kuma cike take da al'adun addinin gargajiya, tana da gidajen horo inda tsohon gwani ke renon matasa, tana da jerin matsayin ƴan wasa da ake bugawa kafin kowace gasa, da dabarun nasara 82 masu suna, a kan sanar da wadda aka yi amfani da ita bayan kowane karo. Saboda haka a Japan wanda ya shiga horo tarihi yake koya ko bai yi niyya ba, domin kowane kamu yana tafe da sunansa da asalinsa.

Za a iya cewa wannan hanya tana da tsada, kuma gaskiya ne. Judon da ake gani a gasa yau ya ƙuntata: daga 2010 hukumar judo ta duniya ta fara hana kama ƙafa da hannu, ta haramta shi baki ɗaya a 2013, dabarun da Kano da kansa ya jera suka fita daga fili. Da za a yi wa kokowa haka, da an cire mata rai, domin neman ƙafa shi ne rabin wasan. Amma wannan hujja, in aka bi ta har ƙarshe, tana goyon bayan rubutu ne. Dabarun da aka hana a gasar judo ba su ɓace ba, suna cikin manhajar Kodokan da sunayensu, duk mai so zai koya. Dokar gasa na iya sauyawa kowace shekara. Abin da ke hana sauyin ya zama asara shi ne a samu wurin da aka ajiye abin da ake yi kafin dokar. Kokowa ta riga ta karɓi dokar gasa tun 1975, ta ɗauki haɗarin ke nan, saura kariyar.

Wasu kuma za su ce wasan da ke cika filaye maƙil ba ya bukatar ceto, kuma ƙauye ya riƙe shi shekaru aru-aru babu alƙalami. Amsar ita ce ƙauyen ya riƙe shi ne da wani tsarin rayuwa wanda yake sauyawa a gaban idon kowa. Lokacin da ya kamata ganga ta tashi a dandali shi ne lokacin da samarin ƙasar Kance da Magarya ke kama hanyar cin rani zuwa Kano da Legas, wasu har Aljeriya da Libiya. Makaranta da ƙwallon ƙafa da wayar hannu sun raba daren farin wata. Cikar fili na nuna yawan ƴan kallo, ba ta nuna yawan masu koyo ba, kuma gasar takobi tamkar mai girbi ce da ba ya zuwa shuka: tana tsintar gwanin da ƙauye ya riga ya rena. Ba a bukatar farar rigar judo ko ɗamara mai launi. Abin da ya dace a ara shi ne aikin da Jigoro Kano ya yi wa malamansa, wato a zauna da tsofaffin gwanaye a ɗauki kowane kamu da sunan da suke kiransa da shi a Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci, a rubuta wa ya koya wa wa, a ba tsohon zakara wuri da ɗan abin hannu ya riƙa koyar da yara a garinsu.

Kayan wannan aiki suna nan a ƙasar. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa ya daɗe yana ɗaukar gasar, akwai cibiyar CELHTO a Yamai wadda aikinta shi ne tattara tarihin baka, akwai makarantar horar da malaman wasanni ta ƙasa, akwai kuma jami'a a Damagaram, tafiyar ƴan sa'o'i daga Ɗan Barto. Waƙoƙin Sagalo za su ba da sunaye, hotunan talabijin su nuna kamu, tsofaffi su haɗa biyun. Daga cikin ukun, tsofaffin ne ba za su jira ba: saurayin da ya shiga fili a Tawa a 1975 yana ɗan shekara 20, in yana raye, ya kai 70 a 2025.