Katangar Tare Gobara: Daga Landan Zuwa Intanet ɗin Sin

Da tsakar daren Lahadi 2 ga Satumba 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi, Thomas Farriner, a lungun Pudding Lane na birnin Landan. Galibin gidajen na katako ne, benayensu sun ranƙwafo kan titi, ga iska mai ƙarfi daga gabas. Kwana huɗu wutar tana ci, ta lashe gidaje kimanin 13,200 da majami'u 87, har da babbar majami'ar St Paul. A 1667 majalisar dokokin Ingila ta ce duk mai sake gini sai da bulo ko dutse, ta kuma ƙayyade kaurin bangon da zai raba gida da gida. Irin wannan bango ne daga baya Turawa suka kira firewall, wato katangar tare gobara. Hali biyu gare ta. Ba ta da zaɓi, tana kare na dama daidai da yadda take kare na hagu, sannan abin da take tarewa wuta ce, wadda ba a taɓa samun mutum biyu sun yi gardama a kan sharrinta ba. Sunan ya yi ta tafiya daga sana'a zuwa sana'a, ya iso yau yana ɗauke da kwarjininsa na farko, amma a wurare da dama waɗannan halaye biyu sun zube a hanya.

Aron farko bai ɓata komai ba. Masu ƙera mota da jirgin sama sun sa wa farantin ƙarfen da ke raba injin da mazaunin mutane wannan suna. Masu harkar kuɗi ma sun ara. Bayan kasuwar hannun jari ta Amurka ta faɗi a 1929, bankuna dubbai suka durƙushe, sai dokar Glass-Steagall ta 1933 ta raba bankin da talaka ke ajiya a ciki da bankin da ke kasadar sayen hannun jari. An rushe jigon dokar a 1999, kuma har yau masana na musu kan ko hakan yana da hannu a rikicin tattalin arziki na 2008.

Kwamfuta ce ta sauya wa katangar fasali. Ran 2 ga Nuwamba 1988 wani ɗalibin Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai hayayyafa da kanta, ta gurgunta na'urori kimanin 6,000, kusan kashi ɗaya cikin goma na waɗanda ke haɗe da intanet a lokacin. Jami'o'i da kamfanoni suka farga cewa ƙofofinsu a buɗe suke, aka duƙufa neman shinge, kuma a 1994 William Cheswick da Steven Bellovin na Bell Labs suka fitar da littafin da ya zama madogarar masu wannan aiki. Sai dai na'urar da aka toshe ta ruf ba ta da amfani, dole saƙo ya shiga ya fita. Saboda haka wannan katanga ta fi kama da sarkin ƙofa na tsohon birni, mai duba kayan baƙo ya ce wannan ya wuce, wancan ya koma. Daga nan sai da mai rubuta ƙa'ida, mutum mai ra'ayi da tsoro da buƙata, wanda shi zai faɗi mene ne wuta.

Gwamnatin Sin ta fahimci wannan tun da wuri. A 1997 mujallar Wired ta laƙaba wa shirinta na tace intanet sunan da ya haɗa katangar gobara da tsohuwar Babbar Ganuwar ƙasar, sunan kuwa ya bi shi. A 2009 aka toshe Facebook da Twitter, a 2010 Google ya janye manhajar bincikensa daga babban yankin ƙasar. Wutar da ake tarewa a nan labari ne, irin na kisan dandalin Tiananmen na 1989, kuma katangar ciki take fuskanta, mutanen gida take hana leƙawa waje.

Mai kare wannan tsari zai ce magana ma tana ƙuna, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙiyayyar da aka yaɗa a Facebook ta taimaka wajen hura wutar da ta ci Musulmin Rohingya a Myanmar a 2017. A Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta shiga kwamfutocin asibitocin Ingila, aka fasa ganin marasa lafiya dubbai. Wanda ya ce a rushe kowane shinge bai damu da waɗannan mutane ba. Amma shingen asibiti masu asibitin ne suka nemi a kafa musu, suna iya duba ƙa'idarsa su gyara. Dokar Landan ma a bainar jama'a aka zartar da ita, da awo a rubuce, har aka kafa kotu ta musamman mai raba gardama tsakanin masu gidajen da suka ƙone da 'yan hayarsu. Sin kuwa ba ta buga jerin shafukan da ta toshe, ba ta kuma bar wa ɗan ƙasa ingantacciyar hanyar kai kuka ba. Illar ta fi tsanani idan aka dubi abin da ke faruwa a bayan katangar, inda mai tsaron ƙofa shi kaɗai ke yanke mene ne jita-jita. A ƙarshen Disamba 2019 likita Li Wenliang na Wuhan ya gargaɗi abokan aikinsa game da wata cuta mai kama da cutar numfashi ta SARS. Ran 3 ga Janairu 2020 'yan sanda suka kira shi suka sa ya sa hannu a takardar jan kunne. Cutar ta kashe shi ran 7 ga Fabrairu, sai a watan Maris hukuma ta janye takardar ta nemi afuwar iyalinsa.