ƘASAR DA ALLAH YA RIGA YA HUƊE

Yau zan ba ku wani labari daga tarihin ikilisiya a ƙasar Hausa.

A shekarar 1900 Bishof Tugwell na mishan ɗin CMS ya isa Kano da 'yan rakiyarsa, a cikinsu akwai wani saurayi, Likita Walter Miller. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juya. A 1905 Likita Miller ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya. Ya iya Hausa ƙwarai, yana ba da magani, ya buɗe makaranta, ya duƙufa ga juya Littafi Mai Tsarki. Shekara takwas yana wannan fama, amma waɗanda suka ba da gaskiya 'yan kaɗan ne. Ba za mu ce mai shukar ya yi ragwanci ba, irin kuwa ba shi da aibi.

To, ashe akwai abin da bai sani ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi, kafin Turawa su zo, an yi wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim. Cikin karatunsa ya riƙa tsayawa a kan wuraren da aka ambaci Annabi Isa, har ya soma koya wa almajiransa su girmama shi, su kuma zuba ido ga komowarsa. Mutumin nan bai taɓa ganin mai bishara ba. Aka neme shi ya janye maganarsa, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu, waɗansu wajen Ningi, waɗansu cikin ƙauyukan Kano da Zazzau. Suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu, suna koya wa 'ya'yansu.

A 1913 waɗansu daga cikinsu suka zo Zariya da ƙafarsu, suna neman mai ba su cikakken labarin Isa. Ku lura, 'yan'uwa, ba Likita ne ya nemo su ba. Wannan yakan tuna mini da Karniliyus a Ayyukan Manzanni sura 10, wanda ya aika a kirawo Bitrus. Mu masu wa'azi mukan so a ce iya bakinmu ne ya jawo mutum. Ni kaina na sha faɗawa wannan tarko.

Sai dai kada mu ƙara wa labarin gishiri. Ba dukan Isawa suka karɓi baftisma ba. Girmama Isa a matsayin annabi daban, yarda da gicciye da tashinsa daban, a nan ne da yawa suka tsaya. Zuciyar da ta buɗe ma tana bukatar koyarwa mai haƙuri, abin da masu bishara suka koma yi ke nan.

Waɗanda suka gaskata suka taru suka kafa gari a Gimi, suna noma, suna karatu, suna sujada. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya kashe mutane da yawa, garin ya watse. Waɗansu daga cikin waɗanda suka tsira suka koma wurin mishan a Zariya. A 1929 mishan ta tashi zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, ginin Hausa. A 1932 kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito, 'ya'yan Isawa suka karanta labarin da kakanninsu suka mutu suna jira.