Jiragen Soja Masu Ɗaukar Shugabanni a Hanyar Abuja zuwa Daura, 2015–2025: Nazari kan Tsaro da Matsayin Yankin Dutsi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari kan yadda aka yi amfani da jiragen rundunar sojin saman Nijeriya wajen kai shugaban ƙasa da manyan baƙinsa Daura tun daga 2015 har zuwa 2025. An dogara ne kan abubuwan da suka faru a bainar jama'a da sanarwar hukuma. Binciken ya nuna cewa tafiyar ta kasu gaɓa biyu: babban jirgi daga Abuja zuwa Katsina, sannan jirgi mai saukar ungulu daga Katsina zuwa Daura. Tsarin ya kare shugaba ya kuma rage masa ɓata lokaci, amma ya bar ma'aikatansa cikin haɗarin hanya, ya kuma tsallake garuruwan da ke tsakani, irin na Ƙaramar Hukumar Dutsi. A ƙarshe an kawo shawarwari kan ƙa'idar amfani da jiragen da haƙƙin mutanen kan hanya.

Muhimman kalmomi: jiragen fadar shugaban ƙasa, sojin sama, Daura, Dutsi, tsaro.

1.0 Gabatarwa

Daga 29 ga Mayun 2015 zuwa 29 ga Mayun 2023 Muhammadu Buhari ne shugaban Nijeriya, kuma a tsawon wannan lokaci Daura ta zama tamkar fada ta biyu. Can yake yawan yin hutun Babbar Salla, can yake jefa ƙuri'a, can kuma gwamnoni da ministoci da shugabannin ƙasashen waje suke riskarsa. Sai dai garin ba shi da filin da babban jirgi zai sauka. Wannan ya sa aka shimfiɗa wata hanya ta sama wadda sojoji ke tafiyar da ita, kuma ta ratsa ta kan garuruwan da ke tsakanin Katsina da Daura.

Yawancin abin da ake faɗa kan jiragen shugaban ƙasa yana tsayawa ne kan kuɗin saye da na gyara. Manufar wannan maƙala ita ce ta kalli lamarin daga ƙasa, wato daga inda mutumin Dutsi ko garinta na Shargalle yake tsaye, ta kuma amsa tambayoyi biyu: me hawa jirgi ya magance, kuma a kan wa ya sauke abin da bai magance ba?

2.0 Ayarin Jiragen Fadar Shugaban Ƙasa

An kafa rundunar sojin saman Nijeriya a 1964. A yau ita ce ke tuƙa jiragen fadar shugaban ƙasa, waɗanda mazauninsu ke filin jirgin Nnamdi Azikiwe a Abuja, ƙarƙashin kulawar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Ayarin yana ɗaukar shugaban ƙasa da mataimakinsa da sauran manyan jami'ai, da kuma baƙin da gwamnati ta ga dacewar a ɗauka. Babban jirgin da Buhari ya riƙa hawa shi ne Boeing 737 da aka saya a 2005, zamanin Olusegun Obasanjo. A watan Oktoban 2016 gwamnatinsa ta sa jirage biyu a kasuwa, Falcon 7X da Hawker 4000, ta kuma miƙa wa sojin sama jirage masu saukar ungulu biyu ƙirar AgustaWestland AW101 domin ayyukan rundunar. A 2024, zamanin Bola Tinubu, aka ƙara Airbus A330.

Ba Nijeriya kaɗai ke damƙa wannan aiki a hannun soja ba. A Amurka sojin sama ne ke tuƙa babban jirgin shugaba. Jamhuriyar Nijar ma ta sayi nata a 2014, aka raɗa masa sunan dutsen Gréboun. Dalilin a bayyane yake: matuƙin soja yana ƙarƙashin umarni da rantsuwa, kuma sirrin lokacin tashi da hanyar da za a bi ya fi tsaruwa a hannunsa.

Waɗannan jirage dukiyar ƙasa ce, kuma abubuwa biyu sun tabbatar da hakan. A Janairun 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan da wata 'yar shugaban ƙasa ta hau ɗaya daga cikinsu zuwa Bauchi, domin jama'a sun ga hidimar ba ta gwamnati ba ce. A Agustan 2024 kuma wata kotu a Faransa ta ba da umarnin riƙe uku daga cikinsu saboda shari'ar da ke tsakanin wani kamfanin ƙasar Sin da Nijeriya, wadda ta samo asali daga Jihar Ogun. Da a ce jiragen na mutum ɗaya ne, da ba a kama su kan bashin da ake bin ƙasa ba.

3.0 Yadda Tafiyar Daura Take

A zamanin Buhari, gaɓar farko ta tafiyar tana ƙarewa ne a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, inda gwamna da muƙarrabansa ke tarbar shugaba. Daga nan zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne ta mota, a kan titin da ya bi ta Mashi da Shargalle ta ƙasar Dutsi. Jirgi mai saukar ungulu yana cin wannan tazara cikin ɗan lokaci, ya sauka a fagen da aka tanada a Daura, inda manyan masarauta ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruq Umar ke yin maraba.

Manyan baƙi ma sun san wannan hanya. A Agustan 2019 shugaban Gini na lokacin, Alpha Condé, ya yi Babbar Salla tare da Buhari a Daura. A wannan watan ne kuma aka buɗe asibitin rundunar sojin sama a garin. Wato zuwan shugaba ta sama ya jawo wa Daura zaman rundunar kanta, da jami'anta da gine-ginenta.

4.0 Abin da Jirgi Ya Magance da Abin da Ya Bari

Kafin shugaba ya tashi daga Abuja, akwai ayarin share fage da ke riga shi: jami'an tsaro da na tsare-tsaren fada da 'yan jarida da direbobin motocin da zai shiga idan ya sauka. Waɗannan ta ƙasa suke bi. A ranar 5 ga Yulin 2022 'yan bindiga suka buɗe wa irin wannan ayari wuta kusa da Dutsin-Ma, yana kan hanyarsa ta zuwa Daura gabanin Salla. Fadar shugaban ƙasa ta ce mutum biyu sun ji rauni. Wannan shi ne babban abin da binciken ya gano: jirgi yana ɗauke mutum ɗaya daga haɗarin hanya, haɗarin kuwa yana nan yana jiran ma'aikatansa da duk talakan da ke bin titin kullum.

Sama ma tana da nata sharaɗin. A lokacin hunturu hazo kan rufe sararin Arewa, matuƙin jirgi mai saukar ungulu kuwa ya dogara sosai ga ganin ƙasa da idonsa. A ƙarshen Janairun 2022 Buhari ya fasa zuwa Gusau daga Sakkwato saboda rashin kyawun yanayi, bayan an gama shirin tarbarsa. Ƙura ma tana da illa wajen sauka, domin farfelar jirgi kan tayar da ita har ta rufe wa matuƙi gani. Haka ya faru a Kabba ranar 2 ga Fabrairun 2019, lokacin da jirgin haya da ya ɗauko mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ya kife wajen sauka, Allah Ya sa kowa ya tsira. A ƙasa mai rairayi irin ta Daura da Dutsi, wannan darasi ne da ya wajaba a riƙe.

Kasancewar jirgi na soja bai hana ƙaddara ba. A 15 ga Disamban 2012 jirgin sojin ruwa ya faɗi a Bayelsa da Gwamnan Kaduna Patrick Yakowa da Janar Andrew Azazi. A 21 ga Mayun 2021 jirgin sojin sama ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojin Ƙasa Ibrahim Attahiru da mutum goma. Saboda haka kuɗin gyara da horar da matuƙa ba almubazzaranci ba ne. Inda ake da ja shi ne yawan jiragen da irin hidimar da ake aika su.

5.0 Dutsi a Ƙarƙashin Hanyar Jirgi

Dutsi tana cikin shiyyar Daura ta majalisar dattawa, kuma ita da Mashi suke tarayya a kujerar majalisar wakilai. Ba ta da filin sauka, ba a kuma yada zango a cikinta. A tsarin sarauta na ƙasar Hausa, rangadi ya ginu ne kan bin ƙasa: sarki ya ratsa gari, dagaci ya fito tarba, manomi ya samu kafar kai kuka, mai mulki kuma ya ga gona da rijiya da hanya da idonsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shugaban da ya tashi daga Katsina ya dira Daura bai ga ramin titi ba, bai ga rufin makarantar da iska ta yaye ba, sai abin da aka rubuta masa a takarda.

Wannan ba ya nufin yankin bai samu komai ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ya bi ta Daura da Shargalle da Mashi. Abin lura shi ne cewa aikin ƙasa ne ya taɓa Dutsi, zirga-zirgar sama kuwa amfaninta ya taru a bakin hanya biyu, Katsina da Daura.

Jana'izar Buhari ta fito da wannan bambanci fili. Ya rasu a Landan ranar 13 ga Yulin 2025. Ranar 15 ga wata jirgin fadar shugaban ƙasa ya sauke gawarsa a Katsina, inda Shugaba Tinubu ya karɓe ta, kamar yadda aka kawo gawar Shugaba Umaru 'Yar'adua wannan birni a Mayun 2010. Daga nan aka ɗauke ta a mota zuwa Daura, jama'a suka fito bakin titi suna addu'a. Manyan baƙi sun halarta, ciki har da shugaban Gini Bisau na lokacin, Umaro Sissoco Embaló. Wannan rana ta nuna cewa idan an so, ana iya tsare titin Katsina zuwa Daura har manyan ƙasa su bi shi.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Ba laifi ba ne shugaba ya hau jirgin soja. Rayuwarsa amana ce, lokacinsa kuma na ƙasa ne. Laifin yana zuwa ne idan aka ɗauki tsallake hanya a matsayin maganin matsalar hanya. Bisa wannan, maƙalar tana ba da shawara huɗu. Na farko, a samar da rubutacciyar ƙa'ida da kowa zai iya karantawa kan wanda ya cancanci hawa jiragen fada da irin hidimar da ta halatta. Na biyu, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta riƙa neman bayanin tafiye-tafiyen kowane jirgi kafin ta amince da kasafinsa. Na uku, fagen sauka da asibitin sojin sama na Daura su zama masu hidimar gaggawa ga marasa lafiya da waɗanda haɗari ya rutsa da su a Dutsi da Mashi da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure. Na huɗu, duk shugaba ko gwamnan da zai ziyarci shiyyar Daura ya riƙa yin wani ɓangare na tafiyar ta ƙasa, ya tsaya a Shargalle da Dutsi ya saurari mutane, domin tsaron da aka shirya masa ya zama ma'aunin abin da ya kamata su samu a sauran ranakun shekara.