Yadda Mutum-mutumin Tiyata Ya Fara Gani Kafin Ya Fara Ji

Da aka samu labari a 2025 cewa Farfesa Kingsley Ekwueme ya fara yi wa masu kansar mafitsara tiyata da na'urar da Vinci a Legas, muhawara ta tashi har a Ɗan Issa, inda mai buƙatar babban aiki sai an kai shi Maraɗi ko a tsallaka Katsina. Wasu na cewa na'ura ce ke yanka da kanta. A'a, likita ne zaune a gefe yana juya ta. Abin tambaya shi ne me take gani, me take ji a cikin mutum.

Farkon lamarin a 1985 ne, a Long Beach ta Amurka, inda aka ɗauko hannun ƙarfe na masana'anta mai suna PUMA ya riƙe allurar da za a tura cikin ƙwaƙwalwa, hoton sikan yana nuna masa hanya. Daga nan PROBOT a Landan, sai ROBODOC a 1992 mai fafe ƙashin cinya a tiyatar ƙugu, wanda ke da ma'aunin ƙarfi, domin ƙashi abu ne mai tauri da ba ya zillewa.

Nama kuwa daban ne. Da aka amince da da Vinci a Amurka a 2000, ido ne ƙarfinta: kyamara biyu a bakin bututu ɗaya, suna ba likita zurfi kamar ya leƙa da kansa, ga ma'aunai a gaɓoɓin hannuwan da ke tace rawar hannunsa. Ranar 7 ga Satumba 2001, likita Jacques Marescaux yana New York ya cire wa wata mata matsarmama a Strasbourg da na'urar ZEUS. A 2011 aka ƙara ido na uku: a yi wa majiyyaci allurar wani rini, a haska shi da hasken da idon mutum ba ya gani, wurin da jini ke gudana ya fito kore shar. Wannan kam ya burge ni ƙwarai, domin yana nuna wa likita ko hanjin da zai ɗinke yana da rai.

Amma duk tsawon lokacin nan, likitan ba ya jin abin da yake taɓawa. Duk wanda ya ga ma'aikaciyar lafiya a Ɗan Issa ta danna ƙafar yaro da babban yatsa don gano kumburin tamowa ya san girman wannan rashi.

Me ya jawo jinkirin? Wasu na ɗora laifi kan sojojin Amurka da suka zuba kuɗin binciken farko, wai su nisa ne damuwarsu. Wasu sun ce kamfanin Intuitive mai ƙera da Vinci ya mamaye kasuwa, ba abin da ya matsa masa. Akwai ƙamshin gaskiya a na biyun, ganin cewa Senhance ta abokan gasa ta shigo Amurka da jin taɓi tun 2017. Ni dai na fi ganin laifin tukunyar turara kayan aiki. Ma'aunin ƙarfi dole ya zauna kusa da bakin almakashi mai kaurin milimita 8, cikin jini, kusa da wutar da ake ƙona jijiya da ita, sannan a turara shi a zafin da ya haura digiri 120, ba sau ɗaya ba. In an ɗauke shi zuwa waje, gogayyar wayoyi da bututu ta ɓata lissafin. Likitoci kuma suka koyi auna ƙarfi da ido, daga yadda nama ke yin fari ko zare ke miƙewa, har wasu suka ce ba sa buƙata. Ban yarda da su ba. Gwani ne kaɗai ke iya wannan, ɗan koyo zare yake tsinkewa.

Sai a Maris 2024 aka amince da da Vinci 5, mai mayar wa yatsun likita turi da ja na naman da ya kama. Marescaux kuwa ya buɗe reshen cibiyarsa ta horarwa, IRCAD, a Kigali a 2023, kuma likitocin Afirka na zuwa can koyon tiyatar da ba a buɗe ciki.