Tarar Agustan 2022: Rahoton Rikicin 'Yan Bindiga da Siyasar Tarayya a Najeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci tarar da Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, NBC, ta ci wasu kafafe huɗu saboda shirye-shirye biyu kan 'yan bindigar Zamfara. Hanyar da aka bi ita ce jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata, a auna su da hujjar da hukuma ta bayar. Abin da nazarin ya gano shi ne, zafin siyasar Abuja ya fi abin da shirye-shiryen suka ƙunsa tasiri wajen yanke hukuncin.

Gabatarwa

Tun a Yulin 2021 NBC ta rubuta wa gidajen rediyo da talabijin cewa su daina fayyace bayanan hare-hare a shirye-shiryen sharhin jaridu. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a Zamfara, zamanin Gwamna Bello Matawalle, sannan a Nuwamba Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Daga nan duk ɗan jaridar da ya shiga daji ya yi hira da su, ya san yana taka sawun ɓarawo.

Yadda abubuwa suka biyo juna

Trust TV ta nuna shirinta a Maris 2022, har da hira da jagoran 'yan bindiga Bello Turji. Wata huɗu suka wuce ba a hukunta kowa ba. A tsakani aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris, aka fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yuli, aka kuma naɗa wani jagoran 'yan bindiga, Ado Aleru, Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto.

Ranar 25 ga Yuli BBC ta saki nata shirin, wanda Yusuf Anka, ɗan asalin jihar Zamfara, ya gabatar. Ranar 27 sanatocin adawa suka fice daga zauren majalisa, suka ba Shugaba Muhammadu Buhari wa'adin mako shida ya magance matsalar tsaro ko su nemi tsige shi. Washegari Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya zargi BBC da Trust TV da kambama ta'addanci. Ranar 3 ga Agusta tara ta fito: naira miliyan 5 kan kowanne daga Trust TV, MultiChoice, TSTV da NTA-Startimes. BBC kanta ba a ci ta tara ba, sai waɗanda suka ɗauko shirinta, ciki har da kamfanin da gidan talabijin na gwamnati ke da hannun jari a cikinsa.

Tattaunawa

Hujjar gwamnati ba ta wofi ba ce. Ɗan bindigar da ya ga fuskarsa a talabijin yana samun kwarjini a daji, kuma wanda aka kashe wa uba yana da haƙƙin jin zafin ganin an miƙa wa makashin makirfo. Sai dai in cutarwar tana cikin hirar ne, tun Maris take nan. Abin da ya sauya a ƙarshen Yuli shi ne matsin lambar majalisa da ƙaratowar zaɓen 2023.

Akwai kuma batun abin da shirye-shiryen suka bankaɗo. Sun taɓo rikicin gonaki da burtali, da kisan da ake zargin 'yan sa-kai da yi wa Fulani, da kuɗin fansa. A shirin BBC wani ɗan bindiga ya yi iƙirarin an biya kuɗi kafin a saki 'yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, abin da gwamnatin jihar ta sha musantawa. Irin wannan bayani yana karkatar da sharhi daga tambayar su wane ne miyagun zuwa tambayar wa ya yi sakaci, wadda mai mulki ba ya son a yi masa ana gab da zaɓe.

Ta fuskar doka ma tarar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida alhakin bin diddigin gwamnati. A Mayun 2023, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar kan wata tara ta daban, Mai Shari'a James Omotosho ya yanke cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara.