Taƙaitaccen Tarihin Garin Wurno da Jama'arsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ya kamata duk wanda ya zo aza harsashin gini ya waiwayi yadda magabata suka aza nasu. Saboda haka ne muka ga dacewar kawo tarihin Wurno, wani gari da ke arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a bakin fadamar Gulbin Rima.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya gafarta masa, ya rasu cikin shekara ta 1817, aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello Sarkin Musulmi. A lokacin ƙasa ba ta kwanta ba. Gobirawa da Abzinawa ba su fasa kawo hari daga arewa ba, manomi bai iya kwana a gona da kwanciyar rai. Sai Bello ya ga cewa runduna tana iya korar abokan gaba, amma ba ta iya tsare iyaka sai da mazauna. Dalilin haka ya shiga kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda jama'a ke noma, suna karatu, suna kuma tsaro. A wajajen ƙarshen shekarun 1820 ya gina Wurno, ya mai da shi mazauninsa.

Abin lura shi ne irin mutanen da ya tara. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri guda, domin 'ya'yansu su sami ilmi, su kuma riƙa haɗuwa a sahun salla. Aka kawo manoma da masu sana'a, aka zaunar da malamai. Wannan ya dace da abin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje cikin littafinsa Usulus Siyasa, inda ya nuna cewa kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi da masallatai yana kan wuyan shugaba. Waziri Giɗaɗo da uwargidansa Nana Asma'u, 'yar Shehu, su ma sun zauna a Wurno.

Cikin 1836 Bello ya ci nasara a yaƙin Gawakuke. Shekara guda bayan haka, cikin 1837, Allah ya karɓi ransa a Wurno, kuma a nan kabarinsa yake. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma ya riƙe garin mazauni. A zamaninsa ne Baturen Jamus ɗin nan, Barth, ya sauka Wurno cikin 1853.

Da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903, zamanin ribaɗi ya wuce, ganuwa ta zama tarihi. Garuruwa da yawa da aka kafa don yaƙi sun koma kufai, amma Wurno bai watse ba, domin an kafa shi a kan gona da allo da jam'i. Har yanzu mutanensa na noman shinkafa da albasa da tafarnuwa a fadama, hakiminsa yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan, masu ziyara kuma ba su yanke ba.

To, jama'a, darasin a fili yake. Bello ya zana wuri, amma talakawa ne suka kwaɓa ƙasa, suka ɗauki tubali, ba a kuwa rubuta sunayensu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ba da dukiya da wanda ya ba da ƙarfinsa, kowa zai tarar da ladansa.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, amin.